Hannun Ƙarshe a Layin 'Yan Waya

An ce wai a wani babban birni na ƙasar Hausa akwai wani lungu a cikin kasuwa da ake kira Layin 'Yan Waya, domin masu gyaran rediyo ne suka kafa shi tun can da. Zamani ya juya, rediyo ya ja baya, kwamfuta ta mamaye teburan, amma sunan layin bai canza ba, haka ma wata doka da suka gada. Dokar ita ce, duk na'urar da ta mutu a layin, hannun da ya taɓa ta a ƙarshe shi ya kashe ta. Ba bincike, ba shaida, ba ko rantsuwa. Hukuncin kuwa, a ɗauki teburin mutum a kai bakin layi a kifa, ƙafafunsa suna kallon sama. Daga ranar ba mai sake ba shi aiki, ba mai ara masa ko sukudireba.

A zamanin rediyo dokar tana da 'yar ma'ana, don mutum ɗaya ke buɗe akwati, shi ne kuma ke rufewa. Kwamfutar haɗi kuwa ba haka take ba: wani ya kawo kaya, wani ya ɗaura, wani ya zuba mata manhaja. Amma je ka tambayi dattawan layin, amsa ɗaya za su ba ka: "Haka muka tarar." Wannan magana ta cinye mana abin da fari da fara ba su ci ba, kuma har yau muna shimfiɗa mata tabarma.

Sarkin layin a lokacin wani dattijo ne mai suna Malam Na'ibi. Ya yi karatun lantarki mai zurfi, ya koyar da shi shekara da shekaru, sannan ya dawo ya zauna a teburin mahaifinsa, wanda shi ne teburi na farko da aka taɓa kafawa a layin. Katakonsa ya yi baƙi, ya yi santsi saboda daɗewa. Sabon shiga a sana'ar yakan je ya shafa shi don neman albarka, baƙo kuma in ya zo shi ake fara nuna masa.

To, akwai wata mata mai zanen gine-gine, Malama Zulai, wadda ta sa wani gwanin haɗi mai suna Sallau ya haɗa mata kwamfuta. Ya haɗa ta, ta yi kyau har ana tsayawa kallo: gefenta na gilashi ne, fankokinta suna juyawa da fitilu masu launi, kai ka ce wani ƙaramin birni ne aka kulle a akwati. Ta daɗe tana aiki da ita lafiya lau. Da aikinta ya bunƙasa, zane ya fara yi wa na'urar nauyi, sai ta je shagon Alhaji Jatau, mai shigo da kaya, ta sayi babban katin hoto, wato abin da ke ɗaukar nauyin zane ya fito da shi a fuskar kwamfuta. Alhaji Jatau da kansa ya zare tsohon ƙaramin katin ya soka sabon. Wayar wutar da ke ciki ba ta dace da bakinsa ba, sai ya jona da wata 'yar wayar ƙari. Ya kunna, hoto ya fito, ya ce, "Alhamdulillahi, kin gani da idonki, Hajiya. Saura direba. Ki kai ta wajen Lawandi."

Direba a wajen 'yan layin ita ce 'yar manhajar da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da kati, har kati ya saki dukkan ƙarfinsa. Lawandi kuwa magidanci ne da ya zo daga ƙauye, ya yi shekaru yana bauta a ƙarƙashin wasu kafin ya samu teburin kansa a can ƙarshen layi, kusa da kwata. Da teburin nan yake ci da iyalinsa da tsohuwarsa. Ya zuba direba kamar yadda ya saba, ya sake kunna na'urar. Tambarin manhaja ya fito a fuska, 'yan ɗigon nan masu nuna tana tashi suka fara zagaye, fankoki suka yi wani gurnani, sai ɗif! Fitilu suka mutu, fuska ta yi baƙi ƙirin. Ya sake dannawa, haka. Ya sake, haka. Kafin ya ɗaga kai mutane sun kewaye shi, wani daga baya ya ce, "Hannun ƙarshe!"

Abin da ya biyo baya shi ne abin takaicin. Aka ɗauko na'urar da kwali, don kada fatar wani ta shafe ta, aka ajiye a rumfar shari'a ta tsakiyar layi, aka lulluɓe ta da zane kamar gawa. Kwana da kwanaki tana nan. A layin nan akwai gwanayen da ake zuwa wajensu daga garuruwa masu nisa, amma kullum sai ka gan su tsaye a kanta, hannuwa a goye a baya, kowa yana gyara da baki. Wannan ya ce kati ne, wancan ya ce direba ce, wani ya ce ai dama gilashi ba ya son ido. Ba wanda ya kwance ko noti ɗaya, don wanda ya taɓa ya sauke wa Lawandi kaya ya ɗora wa kansa. Shi ma Lawandin an hana shi kusantarta, wai kada ya ɓoye laifinsa. Ilimi ya cika layi, tsoro ya ɗaure masa hannu.

Ranar shari'a da hantsi aka taru. Alhaji Jatau ya fara magana, yana gyara babbar riga. "Ranka ya daɗe, ni dai ta bar shagona da ranta. Ga Hajiya nan, ta ga hoto."

Sallau ya ce, "Ni kuwa tun bara na rabu da ita. In da ciwon daga wajena ne, ai ba za ta jira shekara ba."

Sarki ya dubi Lawandi. Lawandi ya durƙusa. "Baba, ni na taɓa ta a ƙarshe, ba zan yi musu ba. Amma wallahi direbar nan na zuba wa wasu ita, suna nan suna aiki. A ba ni dama in duba, ko sau ɗaya."

"Ka duba me?" in ji Alhaji Jatau. "Kura ta ci akuya, sannan ta ce a ba ta ta ga ko tana numfashi!"

Aka yi dariya. Malama Zulai ba ta yi ba. Ta miƙe ta ce, "Baba, ni fa ban gane ba. In kun kifa teburinsa, teburin zan ɗauka in kai ofis in yi zane a kai? Ni na'urata nake so ta tashi. Maza cike da layi, kowa gwani, an rasa mai ɗaga zane!"

Wani dattijo daga cikin 'yan majalisa ya ce, "Yi haƙuri, 'yata. Doka ce. An kifa na waɗanda suka fi shi, ga su can bakin layi, ruwa na dukansu. In aka ɗaga wa wannan ƙafa, me za mu ce wa waɗancan?"

Nan Malam Na'ibi ya ga an sa shi a tsaka mai wuya. In ya bi doka, zai kashe gidan mutum a kan zato. In ya soke ta da fatar baki, dattawa za su ce ya yi son kai, gobe kuma a mayar da ita da zarar ya kau. Can ya ce, "A ɗauko mini teburina."

Aka yi cirko-cirko. Ya maimaita. Ƙarti suka je suka ɗauko teburin nan mai tarihi, suna tafiya a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai, suka ajiye a gaban rumfa. Sarki ya tashi, ya naɗe hannun riga, ya yaye zanen da aka rufe na'urar da shi. Ya yi bisimilla, ya danna maɓalli. Fitilu suka kama, fankoki suka yi gurnani, ɗif, ta mutu. Sai ya shimfiɗa tafin hannunsa na dama a kan akwatin, ya bar shi nan.

Ya ce, "Jama'a, ku shaida. Wa ya taɓa ta a ƙarshe?"

Alhaji Jatau ya yi ƙarfin hali ya ce, "Haba, ranka ya daɗe! Ai sarki ba ya cikin wannan."

"Alhaji, dokar da ta tsallake sarki ta tsallake kowa. Ku kuka ce doka ce, ni kuma na ce na bi. Na kunna ta, ta mutu a hannuna, a gaban idonku. Ga teburin ubana nan. Amma ku ji: hannun nan ba zan ɗaga shi ba. Duk wanda ya zo ya taɓa, ya kwance, ya ɗaura, in ya ɗauke nasa zai bar nawa a kai, don haka ba mai zama na ƙarshe sai ni. Na ɗauke muku abin da kuke tsoro. Sai dai ni bawan Allah ne, in ladan ya kira azahar dole in ɗaga in yi alwala. In na ɗaga ba ta tashi ba, ku kai teburin nan bakin layi ku kifa, kuma wanda ya ji tausayina ya ci amanar dokarku."

Dattijon nan da ya yi maganar doka ya dubi teburin, ya dubi sarki. Mutanen da suka yarda a kifa teburin baƙo ba tare da sun yi ko tari ba, yau ga shi an miƙa musu wanda suke shafawa don albarka.

Lawandi ne ya fara tasowa. Sarki ya ce masa, "Zo, ɗana. Amma sharaɗi ɗaya na kafa wa kowa: abu ɗaya za a canza, a gwada, sannan a canza wani. Wanda ya zuba magani bakwai a tukunya ɗaya, ko ya warke bai san wanda ya warkar da shi ba."

Lawandi ya share hannu a riga, ya tashe ta ta hanyar lallaɓawa, wadda suke kira sef mod, inda kwamfuta ke farkawa ba tare da ta kira direba ba. Sai ga fuska ta yi haske, rubutu manya-manya, hoto dishi-dishi. Jama'a suka ɗauki kabbara.

"Kun gani!" in ji Alhaji Jatau. "Da aka kauce wa direbarsa ta tashi. Shari'a ta ƙare."

Sarki ya ce, "Malama Zulai, a haka za ki iya aikinki?"

"Ina, Baba! Wannan ai mai jinya ce aka jingina da bango."

"To ba ta tashi ba. Ci gaba."

Lawandi ya goge direbar tas, ya kunna, ta tashi a raunane. Ya zuba wata direbar ta daban, wadda ta girmi ta farko, ya kunna. Gurnani, ɗif. Ya dafe kai. Rana ta fara take tsakiya, inuwar rumfa ta janye daga kan sarki, gumi yana bin gemunsa. Aka kawo masa kujera, ya ce in ya zauna hannunsa ba zai kai ba. Aka kawo ruwa, ya sha da hagu, yana neman gafarar Allah, har wasu suka murmusa da hawaye a ido.

Sarki ya ce, "Alhaji Jatau, direba biyu sun kashe ta iri ɗaya. Ba ka ganin lokaci ya yi da za a tambayi katin?"

Alhaji Jatau ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa na kusa, abin da ba a taɓa gani ba. Ya zare katin, ya sa aka kinkimo babbar kwamfutar shagonsa, ya soka shi a ciki, ya ce wa Lawandi, "Kai, zo ka zuba taka ɗin nan da ta yi kisa, mu gani." Lawandi ya zuba ita ɗin dai ta farko. Aka kunna. Ta tashi garau, hoto kamar a taɓa. Alhaji Jatau ya buɗe baki zai yi kirari, sai ya tuna abin da idonsa ya nuna masa: katinsa ya kuɓuta, amma tare da direbar Lawandi suka kuɓuta. Ya rufe bakin.

Hannun sarki ya fara karkarwa tun daga kafaɗa. Ya tallafe gwiwar hannun da ɗaya hannun, bai ɗaga ba. Ya ce a hankali, "Kati lafiya, direba lafiya, amma in sun haɗu a gidan nan sai a yi mutuwa. Duk lokacin da za ta mutu ina jin ta a tafina: takan yunƙura da ƙarfi, sannan komai ya ɗauke lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Sallau, kai ka gina gidan. Me ke ɗauke komai lokaci guda?"

Sallau ya daɗe kansa a ƙasa. Can ya matso, ya durƙusa, ya leƙa ƙasan akwatin inda tukunyar wuta take, wato abin da ke karɓar lantarki ya raba wa kowane sashe rabonsa. Ya ga 'yar wayar ƙarin nan tana lilo. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tukunyar wutar ce. Da na haɗa ta, ƙaramin kati aka ce, na sa tukunya daidai cikinsa. Wannan ƙaton kuwa cinsa ya ninka. Muddin ba direba barci yake yi, ɗan kaɗan yake lasa, shi ya sa Alhaji ya ga hoto. Da direba ta tashe shi ya nemi abincinsa, tukunya ta kasa, ta kashe kanta don kada ta ƙone."

Malama Zulai ta ce, "Yanzu ka gano, Malam Sallau?"

Ya ce, "Tun ranar farko zuciyata ta raya mini. Amma in na faɗa za a ce in nuna, in na nuna na taɓa."

A daidai nan aka ji ladan yana bubbuga lasifika a masallacin kasuwa, yana gwada ta. Layin ya hargitse. Alhaji Jatau, da ƙibarsa da komai, ya ruga shago da gudu ya dawo rungume da babbar tukunyar wuta sabuwa fil, yana haki yana cewa, "Ku matsa! Sallau, karɓi, kar ka tsaya karanta kwali!" Sallau yana kwancewa, Lawandi yana riƙe wayoyi, Alhaji yana haska musu da fitilar wayarsa, kawunansu uku a haɗe a ƙarƙashin hannun tsoho. Waɗanda suka yi kwanaki da hannu a baya, yau kowa miƙo nasa yake yi, wannan da noti, wancan da sukudireba. Aka mayar da katin, aka jona shi da wayarsa ta gaskiya. Lawandi ya zuba direbarsa, ya dubi sarki. Sarki ya gyaɗa kai.

Ladan ya ɗaga murya. Tambari ya fito. 'Yan ɗigo suka zagaya. Fankoki suka yi gurnanin nan da kowa ya haddace, mutane suka riƙe numfashi suna jiran ɗif. Gurnanin ya sauka ya zama wani sanyin shuu, fitilu suka tsaya da haskensu, fuska ta buɗe. Malama Zulai ta matso ta buɗe aikinta. Sai ga wani gini ya bayyana, wanda ba a aza ko tubalinsa ɗaya a duniya ba, yana juyawa a hankali, da tagoginsa, da inuwar bishiyoyinsa, har da hasken rana a jikin bango. Dattijon majalisar nan ya cire hula ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba."

Sannan Malam Na'ibi ya ɗaga hannunsa. Ya ƙage, sai da aka tanƙwara masa yatsun. A kan akwatin ga shatin tafinsa nan na gumi, yatsu biyar, mutane suna turereniyar kallo har ya bushe.

Ya ce, "Kafin mu tafi salla, ku taya ni tunawa, tsufa ya kama ni. Wa ya taɓa ta a ƙarshe kafin ta tashi?"

"Ni na ɗaura tukunyar," in ji Sallau.

"Wa ya kawo ta?" in ji Alhaji Jatau. "Kuma ni na danna katin ya zauna!"

Wani daga baya, wanda noti ɗaya kawai ya miƙa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma fa..."

Sarki ya yi murmushi. "Da safe na nemi hannun ƙarshe, duk layin nan mutum ɗaya ya amsa, shi ma a durƙushe. Yanzu ga shi ana rububinsa. To ku ji hukunci. Katin nan baƙo ne, Lawandi ya tashe shi daga barci, kuma wanda ya tashi baƙo ba shi ya ƙaranta tukunyar gida ba. Sallau ya gina daidai, amma ya sani ya yi shiru. Alhaji ya sayar da na gari, amma ya ga waya ba ta dace ba, bai tambayi dalili ba. Shirun wannan da gaggawar wancan uwarsu ɗaya: dokar da ta koya muku cewa gwaninta ita ce ka tura wa na gaba kafin abu ya mutu a hannunka. Na tambaye ku yanzu, ku da kuka tarar da ita, teburin wa za a kifa?"

Dattijon majalisa ya mayar da hularsa ya ce, "Ba na kowa ba, ranka ya daɗe."

"To in ba na kowa ba ne yau, waɗancan na bakin layi fa, wa ya tsaya ya duba tukunyarsu?"

Bayan an sauko daga salla, sarki da kansa ya ja gaba zuwa bakin layi, hannunsa na dama a rataye. Aka bi teburan nan da ruwa da rana suka ci, aka juya su ɗaya bayan ɗaya, aka tsayar da kowanne a kan ƙafafunsa, aka aika neman masu su. Lawandi ya koma nasa teburin na kusa da kwata, ya daɗe zaune yana shafa katakon. Daga cikin waɗanda aka aika nema, an samo wasu sun dawo, wasu an tarar sun bar gari ba a san inda suka nufa ba. Ɗaya kuma, da ɗan aike ya isa gidansa, sai matarsa ta nuna masa hanyar maƙabarta. Teburinsa yana nan tsaye har yau ba kowa a kai, kuma an ce yanzu wannan teburin sabon shiga ke fara zuwa ya gani, kafin na sarki.

Masu hikima suka ce, inda ake farautar mai laifi kafin a nemi dalili, gwani yakan goye hannunsa, gaskiya ta kwana a lulluɓe; shugaba kuwa shi ne wanda ya aza nasa hannun ya ƙi ɗagawa, har na kowa ya kwance.